Ƙuri'ar da Baba Ya Ba Ni Amana

Shekarun baya, lokacin ina karatun adabi a Paris, mahaifina ya kwanta ciwon huhu a wani asibiti a Lyon. Mutumin Damagaram ne. Ya ƙarar da ƙarfinsa a masana'antar manyan motoci, ya raine mu a hawa na tara a unguwar Minguettes, sai da furfura ta kama shi ya samu takardar zama ɗan ƙasa. Bai taɓa jefa ƙuri'a ba, ko a gida ko a nan. Da zaɓen shugaban ƙasa ya matso sai ciwo ya kayar da shi.

Ɗan sanda ya zo har bakin gadonsa aka cika takardar wakilci, wadda ke ba mutum izinin yi wa wani zaɓe. Ni ya zaɓa, domin sunana na cikin rajistar unguwarmu. Ya kira ni a waya, numfashinsa na yankewa.

"Uwata," haka yake ce mini don sunan mahaifiyarsa na ci, "ki yi sammako. Ina so tawa ta riga ta kowa shiga akwati."

Ya faɗa mini wanda yake so. Na ce, "Haba Baba, wannan? Me ka gani a jikinsa?"

"Ni dai hankalina ya kwanta da shi."

A lokacin na karanta littattafai ƴan kaɗan, na zauna a gidajen shan kofi ana gardama, ina ganin duniya ta gama bayyana gare ni. Na ce a raina, kwanciyar hankali ai ba hujja ba ce.

Ranar Asabar na biya kasuwar Château Rouge na saya masa goro fari, na hau jirgin ƙasa. Washegari Lahadi, tun kafin ƙarfe takwas ina tsaye a ƙofar lakwal ɗin da na yi firamare, inda rumfar zaɓenmu take. Ana yayyafi. Ni ce ta farko, sai wata tsohuwa da karenta a bayana.

Yadda ake yi a nan, kowane ɗan takara da tarin takardu masu sunansa a kan tebur. Kana ɗaukar na kowa, ka shiga bayan labule, ka saka ɗaya a ambulan, sauran ka zubar. Na ɗauki bibbiyu. A bayan labulen nan babu mai ganina sai Allah. Na riƙe takardar mutumin Baba, na ajiye, na saka sunan nawa gwanin a ambulan ɗina, na sake saka shi a na Baba. Har na ji kamar alheri na yi masa. Sauran takardun na cusa a aljihun kwat. Mai akwatin ya ce "A voté", wato an jefa, sau biyu, na sa hannu a gaban sunana da gaban sunan mahaifina.

Da na isa asibiti na tarar mahaifiyata ta sa masa hularsa ta Juma'a.

"Tun asuba yake damuna," in ji ta. "Wai yau ranar manya ce."

"Kin riga kowa?" ya tambaye ni.

"Na riga kowa, Baba."

"Kin saka wanda na ce?"

"Na saka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce in nuna masa hatimin da aka buga. Na zura hannu a aljihu na zaro takardar wakilcin, sai ragowar takardun suka biyo ta, suka watse a kan bargonsa.

Baba ya koyi boko da girmansa, a hankali yake haɗa haruffa. Ya jera su ɗaya bayan ɗaya, leɓunansa na motsi. Ga sunan mutuminsa, guda biyu, ko lanƙwasa babu. Ya daɗe yana kallon su. Mahaifiyata tana can tana ɓare masa lemo, ba ta lura ba.

"Uwata," ya ce a hankali, "da kin gaya mini kina so, ai da na bar miki ita da bakina."

Ya ninke ɗaya ya saka a cikin hularsa. Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu.

"Akwai zagaye na biyu. Je ki, kar jirgi ya bar ki."

Na koma Paris da niyyar in gyara bayan mako biyu. Kwana tara ya ƙara a duniya. Takardar wakilci kuwa tana mutuwa ne tare da mai ita.

Ban taɓa gaya wa mahaifiyata ba. Da muke haɗa kayansa ta ga takardar a cikin hular, ta ce, "Allah sarki, ya ajiye shaidar zaɓensa." Na karɓa na ce zan adana.

Yau ko manufofin waɗancan ƴan takarar ban iya tunawa. Abin da ya zauna mini shi ne mutum ya jira tsawon rayuwarsa a tambaye shi ra'ayinsa sau ɗaya, da ranar ta zo ƴarsa ta amsa a madadinsa. Na san ya yafe mini, na ji a muryarsa. Amma a rajistarsu an rubuta mahaifina ya yi zaɓe, ni kuma takardar tana cikin akwatina.