Giyar da Firmin Bai Ji Ƙamshinta Ba

A ƙauyenmu na bakin kogin Loire, gabas da birnin Tours, in ka tambayi gidan Odile Tessereau sai mutane su tsaya sosa ƙeya. Amma ka ce 'Yar Ingila, nan take za a nuna maka gida mai shuɗiyar taga a bayan coci. Ba kuwa 'yar Ingilar ba ce. A nan aka yanke mata cibiya, ubanta ɗan ƙwadago ne a gonakin inabi. Tana budurwa ta tsallaka teku ta kama aiki a wani otel a Bristol, daga wanke kofuna har ta kai ga zuba wa baƙi giya. Sai da furfura ta fara leƙo mata ta dawo gida, da Turanci a bakinta kamar ruwa, da kuma wata mummunar ɗabi'a ta zuba madara a shayi, wadda har yau ba a yafe mata ba.

Sana'arta fassara ce, amma ba ta littattafai ba. Kowane mai gonar inabi, in giyarsa ta shekara ta nuna, yakan rubuta 'yan layuka a kan launinta da ƙamshinta da ɗanɗanonta, a manna a bayan kwalba, a kuma aika wa 'yan kasuwar Ingila. To, nan fa ake yin ta. Mutumin nan namu in ya riƙe alƙalami, ba giya yake kwatantawa ba, budurwa yake zancen aure da ita. Sai ka ga ya rubuta wai rigarta ta zinariya ce, wai tana da kunya da farko amma in ta saba da kai sai ta saki jiki, wai tana da ƙamshin ƙanƙarar bindiga. Bature a Bristol ya karanta wannan da Turanci, kalma bi kalma, ai sai ya yi dariya ya mayar da kwalbar kan kanta. Shi abin da yake so ya sani kaɗan ne: da zaƙi ko babu, me take tuna masa, kuma da kifi za a sha ko da kaza.

Aikin Odile shi ne ta tuɓe wa budurwar nan kayan ado ba tare da ta ci mata mutunci ba. Ƙanƙarar bindiga ta zama ashanar da aka kyasta yanzu. In an rubuta ƙamshin gindin daji, ya zama ganyen da ruwan sama ya jiƙa. Kunyar kuwa, sai ta rubuta a buɗe kwalbar a bar ta ta sha iska kafin a zauna cin abinci. Manoman suna ƙorafi, suna cewa ta mayar musu da waƙa takardar cefane. Amma kwalabensu suna tafiya, don haka sai su yi ƙorafin su kuma kawo mata cukun awaki.

Ƙa'idarta ɗaya ce, ba ta kuma taɓa sassauta ta ba: ba ta fassara bayanin giyar da ba ta sa hancinta a ciki ba. Komai sanyi sai ta ɗaura gyalenta ta gangara kogon da mai gonar ke ajiye giyarsa, ta shinshina, ta kurɓa, ta tofar, sannan ta koma gida ta ɗauki alƙalami. Tana cewa takarda takan yi cika baki, kofi ba ya yi.

Cikin masu kawo mata aiki babu wanda suka fi tsama da shi, babu kuma wanda ta fi so, kamar Firmin Brisacier. Benci ɗaya suka zauna a firamare, tun lokacin yake jan mata kitso. Gonarsa 'yar ƙarama ce a kan gangaren da ke kallon rana, farar giya yake yi, kuma wata 'yar kasuwa a Bristol, Madam Hallam, ita ke kwashe rabinta duk shekara. Tun da matarsa ta rasu shi kaɗai yake zaune, shi da gangunan giyarsa a kogon da kakansa ya fafe cikin dutse.

Bana da bazara, maimakon ya aiko a kira ta kamar kullum, sai Odile ta tsinci takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofa. Ta karanta, ta sake karantawa. Kalmomin lafiya lau, sai dai na bara ne, ko waƙafi bai canja ba. Ita ta fassara su, yaya za ta manta? Da ta je sayen burodi kuma sai mai gidan burodin ta tsegunta mata cewa ran Alhamis tankar manyan dillalai za ta zo gidan Firmin. Su waɗannan dillalan suna zuƙe giyar mutane ne su gauraya da ta ko'ina, su sayar ba suna ba asali. Giyar da ta shiga tanka ta ɓata ke nan, mai gonar da ya fara kiran tanka kuwa, kowa ya san sallama yake yi da sana'ar. Ran Odile ya ɓaci ƙwarai. Ko burodin ba ta kai gida ba, ta miƙe sai gangaren Firmin.

Tun daga bakin ƙofa ƙauri ya tare ta. Madara ta tafasa ta zube a kan murhu, ta ƙone ƙurmus, ɗakin girkin duk ya ɗauka. Firmin kuwa yana zaune a kujera, ya ba murhun baya, yana karanta jarida hankali kwance.

"Kai tsoho, gidanka za ka ƙona?" Ta kashe wutar ta banke taga.

Ya waiga ya ga tukunyar, sannan ya dube ta. Fuskarsa ta nuna ko ƙaurin bai ji ba. Nan take ta gane.

"Tun yaushe?" ta tambaye shi.

"Tun murar nan ta lokacin sanyi. Murar ta tafi, ta tafi da hancin." Ya ninke jaridar. "Gahawa da ruwan wanki duk ɗaya ne a wurina yanzu, 'Yar Ingila. Ki fassara abin da na ba ki kawai, in aika wa Madam Hallam da 'yan kwalaben bara da suka rage, in ba ta haƙuri. Ta bana kuwa tanka za ta sha."

"Ta lalace ne?"

"Ina na sani? Abin da nake faɗa miki ke nan! Sunan ubana ne a jikin kwalbar nan. Ba zan manna shi a kan abin da ban san mene ne ba."

Tausayinsa ya kama ta har ta ji idonta ya yi zafi, amma ta san Firmin: ka nuna masa tausayi, ka rasa shi. Sai ta ɗaure fuska.

"Tashi ka ɗauko makulli. Ban taɓa fassara giyar da ban shinshina ba, ba kuma a kan wani tsoho mai ƙona madara zan fara ba."

Ya yi gunaguni, ya kira ta da sunaye, amma ya tashi. A kogon ya zura bututun gilashi cikin gangar farko ya zuƙo mata kaɗan a kofi. Odile ta juya kofin, ta sa hanci, ta daɗe ba ta ɗago ba. Sannan ta juya bayan takardar da ya turo mata ta hau rubutu a tsaye. Haka suka bi gangunan ɗaya bayan ɗaya, tana kurɓa tana tofarwa tana rubutu, shi yana biye da ita yana leƙen takardar.

"Da Turanci kike rubutawa? Ni in yi me da shi?"

"Da shi hancina ya koyi magana. Yi min shiru."

Da suka gama ta zauna a kan akwakun kwalabe, ta fara mayar masa da abin da ta rubuta zuwa Faransanci, a hankali, tana neman kalmomi, don ba ta saba bin hanyar ta wannan ɓangaren ba.

"Gasasshiyar tuffa," ta ce. "Zuma, amma ba mai yawa ba. Bayanta ɓawon lemo. Can ƙarshe kuma dutse da ruwan sama ya jiƙa, yana daɗewa a baki bayan an haɗiye. Firmin, ban taɓa jin ka yi irinta ba."

Ya taɓe baki. "Tausayi ne. Kin ga tsoho ya nakasa, kina lallashi."

"Ni? Yaushe na taɓa lallashinka? To saurara: gangar nan ta bakin ƙofa ta tashi daga aiki. Iska ta shige ta, warin ruɓaɓɓiyar tuffa take yi. Wannan ko tankar ma kada ka ba, kunya ce."

Firmin ya tafi wurin gangar ya taɓa toshiyarta. Ta yi sako-sako a hannunsa. Ya tsaya yana kallonta, sai ga shi yana dariya, dariyar da ba ta da nisa da kuka.

"Na yi zarginta tun farko," ya ce. "Shegiyar ganga." Ya dawo ya zauna kusa da ita. "Kika ce zuma? Inabin layukan saman gangare ne. Na bar su har ƙarshen kaka, kowa yana cewa na haukace. Lemon kuwa na ƙasa ne, wajen rijiya, su na fara tsinka." Yana magana yana nuna gonar da hannu, kamar ana ganinta ta cikin dutsen. "Amma wannan jerin cefanen naki ba zai hau kwalbata da Faransanci ba. Rubuta: rigarta ta zinariya ce."

"Mun fara ke nan," in ji Odile, amma ta rubuta.

Suka yi ta ja-in-ja har rana ta karkata, ita tana faɗin abin da ke cikin kofin, shi yana faɗin inda ya fito yana yi masa ado. Da suka gama ya ce ta buga wa masu tanka waya ta sallame su, shi kunya ba za ta bar shi ba. Ta ce sai dai ya biya ta da cuku.

Har ta miƙe za ta tafi, sai ta ga ya zuƙo wa kansa kaɗan daga gangar farko. Ya kai kofin hanci kamar yadda ya yi duk tsawon rayuwarsa, ya ja numfashi har kafaɗunsa suka ɗaga. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye.

"Ruwa mai sanyi da ɗan tsami," ya ce. "Iyakar abin da na samu ke nan daga giyar da ta fi kowace giya da na yi."

Odile ta koma ta zauna a kan akwakun.

Firmin ya rufe ido, kofin yana nan a ƙarƙashin hancinsa. "Sake faɗa mini daga farko, Odile," ya ce. "Kada ki yi sauri."