Makaɗiyar da Bidyadhar Ya Bari Ba Ido

Bidyadhar Maharana bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Ko shinkafar jiƙo yake ci a tsakar gida, ƙafa ɗaya na rawa, yatsa na zane a ƙasa. Duk garin Konark na Indiya an san abin da ke cin ransa: yana so, kafin hannunsa ya mutu, ya sassaƙa mutum ɗaya cikakke a jikin haikalin Rana.

Gidansu gidan masassaƙan dutse ne. Ubansa har ya mutu yana rantsuwa cewa kakanninsu na cikin waɗanda suka gina wa Rana wannan haikali mai siffar karusa ta dutse, mai manyan ƙafafu da dawakai bakwai, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Kowane gidan masassaƙa a yankinmu haka yake faɗa, kuma ba mai shaida. Hasumiyar tsakiya ta daɗe da rushewa, gunkin Rana ba ya ciki, babban zauren kuwa Turawa sun ɗura masa yashi sun toshe ƙofofin don kada shi ma ya zube. Abin da ya rage sai bango cike da masu rawa da makaɗa da giwaye, iskar teku mai gishiri na lashe fuskokinsu a hankali.

Da ƙuruciya ya yi ta sassaƙa 'yan ƙananan ƙafafun karusa yana sayar wa baƙi, har abin ya gundure shi. Ya tafi Puri, ya wuce Kolkata aikin gini, bai daɗe ba ya dawo. Ran da aka ɗauke shi cikin masu gyaran haikalin, ya raba alewa a unguwa, a zatonsa lokaci ya yi.

Ashe ƙa'idar aikin ita ce, duk dutsen da ya ruɓe a cire shi a sa sumul a gurbinsa, ba zane ko ɗaya. Injiniyan da ke kansu mutumin kirki ne, ya yi masa bayani a tsanake.

"Ba raina hannunka muka yi ba, Maharana. Ba ma so jikokinmu su kasa bambanta aikin magabata da namu."

"Na ji, Yallaɓai," in ji Bidyadhar. Ya ji ɗin, amma maganar ba ta taɓa kwanta masa ba.

Haka ya tsufa yana daidaita kusurwa. Mutumin da ya iya fitar da murmushi daga dutse, aikinsa ya zama shafe dutse ya yi santsi. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ya zama mai faɗa, ko akuya ta gifta sai ta sha zagi. Daga baya hannunsa na dama ya soma karkarwa, ya riƙa ɓoye shi cikin mayafin kafaɗarsa.

A wannan shekarar aka zo kan wani gurbi a bangon kudu. Tun yana yaro ya san mai wurin: mace ce rungume da ganga, kai a karkace. Yanzu tafin ƙafarta kaɗai ya rage. Aka ba shi sabon dutse ya daidaita a rumfar aiki. Ya kewaya shi, ya sake kewayawa, sai ya lura ƙa'ida fuskar waje ta ambata, ba ta ce komai game da bayan da zai shige cikin bango ba.

Daga ranar ya daina hutun tsakar rana. In abokan aiki suka miƙe a inuwa, shi sai ya juya dutsen ya ɗauki cizal da guduma. Ganga ta fito, yatsu suka fito, awarwaro, wuya, leɓe. Rabonsa da farin ciki irin wannan har ya manta, amma ga tsoro, kullum yana duban hannunsa kada ya yaudare shi kafin ya gama.

Ana gobe za a ɗora dutsen, matarsa Kuntala ta kawo masa abinci ta tarar da shi durƙushe.

"Ashe abin da ya hana ka cin abinci ke nan, Baban Mina. Ka rame, ita ta yi ɓulɓul."

"Ido kawai ya rage," ya ce, bai ɗago ba.

A gidansu ido ne ƙarshen aiki. Sassaƙar da ba a buɗe wa ido ba, ba a ƙirga ta cikin aikin mutum. In kuwa aka buɗe, ta zama mai rai a wurinsu, tana da haƙƙin ruwa da fure da haske.

Kuntala ta ajiye kwano. "Ina za ta kalla?"

"Ciki."

"Cikin me? Za ka buɗe mata ido, ka juya ta ga duhu, ka liƙe? A gidan Rana, ba za ta taɓa ganin rana ba?"

"Ke dai kin cika surutu, Maman Mina. Dutse ne."

"In dutse ne, me ya sa kake wanke hannu kafin ka taɓa ta?"

Bai ci abincin ba. Ya fita, ya bi hanyar bakin teku har gaɓar Chandrabhaga, ya dawo, ya kewaya haikalin, ya sake komawa. Yana jin haushin matarsa, ya fi jin haushin cewa gaskiya ta faɗa.

Da safe ma'aikata suka zo da igiyoyi. Ya ce su dakata. Ya ɗauki ƙaramin cizal ya ɗora bakinsa a gurbin idon hagu. Hannun da ya saba rawa ya tsaya cak, don haka ba shi da abin da zai ɗora wa laifi. Ya daɗe a haka, sannan ya janye.

Wani cikin ma'aikatan ya leƙa, ya ce, "Kawu, ai ba ka gama ba."

"Na sani. Ku ɗaga."

Suka ɗaga, suka juya ta, suka liƙe da farar ƙasa. Kafin damina ta zagayo hannun ya gagara riƙe guduma, ya bar aikin. Har yau, in baƙo ya tambaye shi ko yana da aiki a jikin haikalin, cewa yake babu.