Mai Kujerar Da

Sabuwar sakatariya ba ta gama gyara zama ba ta lura da matar. Tana kan bencin baƙi, daidai saitin ƙofar ofis, jaka a cinya, kaya sun sha guga, ta yafa rigar sanyi duk da zafin barandar. Ba tsohuwa ba ce, ba ta kuma neman ganin kowa.

Duk lokacin da wayar tebur ta yi ƙara, sai hannun matar ya tashi zuwa kunne, babu komai a hannun. Leɓɓanta suna motsi tare da na sakatariyar: "Ofishin manaja, barka da safiya."

"Baba, wace ce waccan?" ta tambayi masinja ƙasa-ƙasa.

"Mai kujerar da kike kai ce, kafin a sallame ta. Kullum sai ta zo. Ba ta cizo, 'yata."

Sakatariyar tana ta saƙe-saƙe. Wataƙila har yau ba a sani ba a gida, tana fitowa ne don yara su ga uwarsu ta tafi aiki. Ko kuwa jira take yi, don ta fi kowa sanin yadda manajan ke saurin gajiya da fuska.

Idonsu ya haɗu. Matar ta yi mata murmushi irin na yaya da ƙanwa. Sai ta ɗan muskuta gefe, ta ciro hankici, ta share wurin da ke kusa da ita tas, ta bar mata shi.