Shebur a Layin Hadiza

Ka'akiyya

Ƙarfe huɗu na asuba muka rufe ƙofar gidanmu a unguwar Ka'akiyya ta Makka, ni da maiɗakina Hajiya Rabi, da maƙwabcinmu Malam Sale da zai kai mu Jidda. 'Yarmu Hadiza tana aure a wani gari mai duwatsu a gabashin Turkiyya, inda mijinta Usama ke karatu. Cikin fari gare ta, ya shiga watansa, ba ta da kowa a can. Malam Sale ya dubi rigar sanyin da na sayo a Aziziyya, ya kama dariya.

"Alhaji, kai da mukayyif mai sanyaya ɗaki ma ke sa ka tari, za ka shiga ƙanƙara?"

"Ja mota," na ce. "Ban nemi fatawa ba."

Mun yi sallah a hanya. A Istanbul muka sake jirgi, muka sha shayi mai tsada a kofi kamar na yara.

Garin Hadiza

Usama ya tare mu da tasi. Gari fari fat, amma babban titi baƙi ƙirin, a share. Na tambaye shi wa ke wannan aiki, ya jero mini. Da farko baladiyya, wato hukumar gari, kan tura motoci masu faifan ƙarfe a goshi, su ture dusar ƙanƙara daga hanyar asibiti da ta bas, suna watsa gishiri. Na biyu, titin kasuwa da makarantu. Na uku, lunguna. Ƙofar gida kuwa aikin mai gida ne. Tsarin ya yi mini. Sai dai layin Hadiza a kashi na uku yake, ga shi gangare, ta ƙofarta kowa ke bi.

Kwana biyu da zuwanmu dusar ta wuni tana zuba. Usama yana makaranta. Da la'asar Hajiya ta yi abin da take yi kullum a Makka: ta wanke ƙofar gida. Ta ɗebo ruwan zafi bokiti-bokiti, ta kwarara daga matakala har gangaren, dusar ta narke, wuri ya yi tas. Kada wanda ya yi mata dariya. A garinmu wannan tsafta ce.

Da safe layin ya zama madubi. Da safen kuma naƙuda ta tashi. Mai tasi ya tsaya a ƙasan gangare, ya ce ko za a yanka shi ba zai hau ba.

"Ammi, mu jira baladiyya," in ji Usama, waya a kunne; haka yake kira na, wato baffa. "Sun ce bayan azahar za su iso lunguna."

"Naƙudar ma ka ce mata bayan azahar?" na ce, na nufi ƙofa.

"Wallahi za ka faɗi. Khalas, ya isa, zauna."

"Ina sheburinku?"

Hadiza ta leƙo tana dafe da bango. "Baba, don Allah, gwiwarka."

"Koma ciki. Gwiwar tawa ce."

Na sari ƙanƙara, shebur ya dawo mini har kafaɗa. Wata tsohuwa maƙwabciya ta buɗe taga tana faɗa da yarensu, tana nuna wani akwati a kusurwar layi. Gishiri ne a ciki da yashi, baladiyya ke ajiyewa don mutanen unguwa. Da hannu ta koya mana: a watsa gishiri, a dakata, a fasa da bakin shebur, a bi da yashi. Haka muka yi, ba mu tsallake ko ɗaya ba. Na zame sau ɗaya, na zauna daɓas, na miƙe kafin Hajiya ta gama salati. Maza biyu suka fito da nasu sheburan ba wanda ya kira su. Usama ya jefa waya a aljihu ya karɓi nawa.

Hanyar da muka buɗe ba ta fi faɗin darduma ba. Ta nan Hadiza ta sauka zuwa tasi, uwarta a dama, mijinta a hagu. Kafin la'asar ta haifi mace. Muna dawowa muka tarar da motar baladiyya tana share layin, a kan lokacin da suka faɗa. Ba su yi laifi ba. Mu ma ba mu yi ba.

Ka'akiyya

Bayan suna muka dawo, alhamdulillahi, Allah ya saka wa tsohuwar nan da alheri. Malam Sale ya ɗauko mu. A bakin layinmu ya tsaya, ya ce mu taka: an yi ruwa muna can, taɓo da tsakuwa sun gangaro daga dutse sun toshe hanya. Babban titi a share yake. Namu ana jira.

"Za su zo," in ji shi.

Na san za su zo. Amma a layin nan akwai mai ciki, akwai tsohon da ake turawa a keke zuwa masallaci. Ranar Juma'a bayan la'asar zan fito da shebur, ko ni kaɗai ne. Kai da ka karanta wannan, in ƙofarka a layin take, ɗauko naka ka same ni a ƙofar Malam Sale.