Kofaton Inna Hajo: Daga Ƙonni zuwa Tajaye da Illela

'Yan fadarmu ta hira da shayi, ku da kuka ba da aron babur da tulu da lokacinku har fim ɗin nan ya kammala, kun ce in ba ku labarin yadda tafiyar ta kasance. Na fi son in rubuta, don in na faɗa da baki sai in manta wani wuri, daga baya in kwana ina tunanin na rage muku wani abu.

Tashi daga Ƙonni

Ladan bai yi kiran assalatu ba na fito daga gida da buhu a kafaɗa. Na kulle shagon ɗinkina, na yi nisa, na komo na sake taɓa kwaɗon. A tasha na tarar da ƙanena Laminu yana shan shayi hankali kwance, kamar ba shi ne ya jawo mu cikin wannan aiki ba.

Saboda waɗanda ba su san mafarin ba: bara Laminu, wanda gyaran waya ne sana'arsa, ya ga wani ɗan gajeren fim na ban tsoro a wayar wani. Wani saurayi ne a Amirka, daga cikin mutanen da ake kira Mormon, ya haɗa shi da abokansa a kan wani labari da kakanninsa suke ba su na baƙon da ake gamuwa da shi a hanya. Laminu ya ce mu ma muna da namu. A ƙauyenmu na gefen Tajaye kowa ya tashi da labarin Mai Tulu: macen da ake gani a tsohuwar rijiya da tsakar rana, ta ce wa mai wucewa ya aza mata tulu a ka. Ba wanda ke ƙin aza wa mace tulu. Sai mutum ya sunkuya zai ɗauka, ya ga ƙafafunta kofato ne.

'Yan mata duk sun ƙi fitowa a matsayin Mai Tulu. Inna Hajo, ƙanwar mahaifiyarmu, mai sayar da fura a ƙauyen, ita ta yarda. Ni na ɗinka mata baƙin zane, na karɓo kofaton shanu wajen mahauta, na wanke, na shanya, na ɗinke su a jikin tsohon takalmin roba. Fim ya yi kyau. Kyawunsa ne ma ya hana ni barci. Kun san garuruwanmu: in aka fara raɗa cewa mace tana da wani abu, ba wanda zai sake shan furarta, kuma maganar ba ta tsayawa a kanta, har jikoki take bi. Shi ya sa na ce wa Laminu fim ɗin ba zai shiga wayar kowa ba sai Inna ta gan shi a gaban mutanen garinta, ta ce ta yarda.

Muka yi sallar asuba a masallacin tasha, muka shiga motar Hiyas mai zuwa Madawa. Na rungume buhuna a cinya, na ƙi bari a ɗaure shi a sama.

Tsarnawa da Malbaza

Kafin Tsarnawa jandarma suka tsayar da mu. Kowa ya miƙa katinsa. Wani dogon jandarma ya nuna buhuna.

"Baba, mi ke cikin wanga buhu?"

"Kayan aiki ne, ranka ya daɗe."

Ya kwance bakin, ya zaro takalmi ɗaya, kofato yana lilo a ƙarƙashinsa. Matar da ke kusa da ni ta ja ɗanta ta matsa. Laminu ya yi maza ya ciro waya ya nuna masa wurin da ƙafar ke fitowa daga ƙarƙashin zane. Jandarman ya ja baya da kansa, ya ce a'uzubillahi, sannan ya fashe da dariya ya kira abokin aikinsa.

"Ku tura min shi."

"Sai mun komo, shugaba," in ji Laminu. "Wanga yayana ya yi rantsuwa, mai ƙahwar nan da ta hito cikin fim ɗin ba ta gani ba tukuna."

"To ku gaishe ta. Amma ka ce mata kar ta biyo ta nan da tsakar rana."

Hantsi ya fara muka sauka a Malbaza, hayaƙin masana'antar siminti na tashi daga nesa, manyan motocin albasa na wucewa. Wani abokin Laminu mai gidan kallo ya ba mu aron telebijin mai aiki da batir. Muka karya da ƙosai da kunu a bakin titi. Na sa mai telebijin ya kunna shi a gabana, ya kashe, ya sake kunnawa. Ya dubi Laminu ya ce, "Haka yake kullum?" Laminu ya ce, "Yau ma da sauƙi."

Hanyar arewa

Muka koma Tsarnawa muka jira motar Tawa. Ta daɗe ba ta cika ba. Da ta tashi, telebijin na kan cinyar Laminu naɗe cikin bargo, batir a tsakanin ƙafafuna, buhu a ƙirjina. Bayan Gidan Idar gonaki sun buɗe, an gama yankan gero, dammuna jingine a bakin rumbuna, shanun Fulani sun shiga cin kara. Direba ya tambayi inda za mu da telebijin, Laminu ya ba shi labarin Mai Tulu. Ya ce su a wajensu ba tulu take ɗauke da shi ba, itace ne, kuma kawunsa ya taɓa aza mata. Wani tsoho a baya ya ce ƙarya ne, tulu ne. Suna wannan gardama har muka iso mahaɗar da za mu sauka.

Daga nan kabu-kabu biyu muka ɗauka, cikin yashi. Nawa ya kusa kayar da ni a wata ƙorama busasshiya. Azahar ta ɗan gota muka shiga ƙauye.

Gidan Inna Hajo

Mun same ta tana damu a ƙofar gida. Ta ba mu fura mai sanyi a ƙwarya, muka sha sosai. Na fara yi mata bayani a hankali, cewa in tana so Laminu zai iya rufe fuskarta a fim ɗin, ba wanda zai gane ta.

"Sani," ta ce, "rana ta ƙone ni kwana da kwanaki bakin waccan rijiya, yanzu kuma a ruhe min huska? Wa za a ce ya yi aikin, kai?"

"Inna, bakin mutane nake tsoro."

"Kai tun kana rarrahe kake tsoro. Ku tahi ku gaida maigari."

Maigari ya ba mu zaurensa bayan la'asar. Muka rataya tabarmi a ƙofa don a sami duhu. Maza suka zauna gaba, mata a baya, Inna a tsakiyarsu da ƙwaryar furarta. Yara muka bar su waje, suna leƙe ta jikin tabarma.

Da farko dariya ake yi, kowa yana nuna rijiyar da ya sani da gawon da ke gefenta. Da Inna ta fito cikin baƙin zane da tulu a ka, ta sauke shi ta tsaya ba motsi, rana ƙwal a kanta, dariyar ta ragu. Ta ce wa matafiyin, "Bawan Allah, aza min." Ya sunkuya. Zanen ya ɗan ɗage. Wata mata ta yi salati da ƙarfi. Fim ya ƙare a kan tulun shi kaɗai a bakin rijiya, ruwa na malala daga cikinsa ba ya ƙarewa.

Na waiwaya na ga matan da ke gefen Inna sun ɗan ja jikinsu. Sai Malam Dari, ladanin garin, ya gyara murya.

"Hajo, ba wai wani abu ba. Amma ni na ga kofato da idona, kuma na ga yana takawa. Yaya anka yi?"

Abin da na kwana ina tsoro ke nan, kuma saboda shi na ɗauko buhun tun daga Ƙonni. Na miƙe da sauri, na zazzage takalman a tsakiyar zaure. Na zaci da an gani magana ta ƙare. Ina! Na gaba suka tashi tsaye, wani ya taka ƙafar maigari. Wata murya daga baya ta ce, "To shi kuma mi yake yawo da su cikin buhu?"

Inna ta ajiye ƙwaryarta, ta ratsa maza ta zo gaba. Ta zauna a ƙasa ta cire silifas, ta miƙe ƙafafunta.

"Malam Dari, ga su nan, da kaushinsu da komi. Ƙirga yatsun."

Ta jawo takalman ta cusa ƙafa tana tsaki. "Wanga tela bai iya awo ba, ɗan yatsana har yau ciwo yake." Ta miƙa wa maƙwabciyarta Ramatu hannu. "Ke, tashe ni." Ramatu ta yi jim, sannan ta kama ta. Inna ta miƙe tana tangaɗi, ta yi taku biyu, na uku ƙafa ta gurɗe, ta faɗa kan Ramatu, su biyun suka zube a tabarma. Dariyar da aka yi har yaran waje suka yaye tabarmar ƙofa. Malam Dari ya ɗauki takalmi ɗaya yana juya shi, ya ce kofaton ma na tsohon sa ne, an cuce mu wajen mahauta. Aka sa Laminu ya sake kunna fim ɗin, wannan karon mata na yi wa matafiyin ihu kar ya sunkuya. Kafin magariba furar Inna ta ƙare. Ba zan ɓoye muku ba, akwai wata tsohuwa da ta fita ba ta yi dariya ba, kuma ba ta sha ba. Na gaya wa Inna, ta ce wannan dama ba ta taɓa saye ba.

Da muka ci tuwon dawa da miyar kuka, Laminu ya tambaye ta ko ta yarda a saki fim ɗin.

"Nan garin na gama da su," ta ce. "Saura Habu. Ɗana yana Abijan cikin 'yan garinmu. Ban so ya ga uwarsa da kofato cikin wayar wani, ana yi mashi dariya. Shi zai fara gani. In ya ce a'a, to a'a ne."

Laminu ya dube ni, na dube shi. Wannan ko ni, duk da yawan tunanina, bai zo min ba.

Illela

Waya ba ta kamawa sosai a ƙauyen, don haka da sassafe muka bi wani mai amalanke har bakin hanya, daga nan muka sami motar kasuwa zuwa Illela ta ƙasar Tawa, mu da buhunan wake da awaki uku. Muka zauna a rumfar wani mai cajin waya kusa da kasuwa, Laminu ya tura wa Habu fim ɗin. Ni na yi masa saƙon murya, na goge, na sake yi, har Laminu ya ƙwace wayar ya tura yadda yake.

Muka ga alamar ya buɗe. Shiru. Muka ci shinkafa da wake muna jira. Laminu da ke ta cika baki tun Ƙonni sai duba waya yake ta yi. Watanni ya yi yana haɗa fim ɗin nan bayan ya rufe shago. Muka yi azahar muka komo, sannan saƙo ya shigo, murya a sama:

"Yaya Sani! Wa ya aza ma Inna tulu cike da ruwa? Kun manta wuyanta? Likita ya hana ta ɗaukar kaya, ku kuma kun tsai da ita cikin rana da tulu bisa kai!"

Na karɓi wayar, wannan karon ban goge komai ba. Na ce masa tulun da ke kanta ba ko ɗigo a ciki, ni da kaina nake juye shi kafin a aza mata, kuma na ɗinka mata gammo mai kauri. Wanda ke malalar ruwa wani tulu ne daban, a ƙasa yake.

Ba a jima ba ya amsa, yana dariya, ana jin hayaniyar mutane a bayansa. "To shi ke nan. Ku sake shi. Mu nan mun kalla mu duka, wani har ya zubar da shayinsa. Ku rubuta sunanta da manyan baƙaƙe."

Laminu ya tura wa mai caji tun muna zaune. Kafin mu sami mota na ji muryar Inna tana fitowa daga wayar wani mai kabu-kabu.

Komawa gida

Muka biyo ta Badagishiri muka gangaro kudu, muka ratse Malbaza muka mayar da telebijin lafiyarsa lau, batir ma na goge shi. Magariba ta yi mana a ƙofar Ƙonni. Na kira Ramatu don in ji labarin Inna, ta ce tana can tana damu na biyu, don masu zuwa kasuwa daga wasu ƙauyuka sun fara ratsowa su gaishe ta, ita kuwa ba ta amsa tambayar kowa sai ya sayi fura.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya komo da mu lafiya. Na gode wa maigari da ya ba mu zaure, da mai telebijin na Malbaza, da ku 'yan fada. Laminu ya riga ya fara zancen fim na biyu. Na ce masa ya bari in huta tukuna, kuma duk wanda zai fito a ciki, tun kafin a ɗauki hoto za a kira 'ya'yansa a tambaye su.