Ranar da Muka Koma Neman Matan Kifi

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gumel, ina da aboki mai sana'ar haɗa tagogin gilashi. Unguwa ɗaya muka taso. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman majalisa. Abu ɗaya ne ya shiga ransa, kiwon kifi a akwatin gilashi. Da ragowar gilashin shago ya haɗa akwatin da hannunsa, ya girke a falo, matarsa tana mitar ya cinye mata wurin kujera.

Da farko jajayen kifin ado ya riƙa sayowa daga Kano. Ba sa jimawa. In ba zafi ya kashe su ba, ruwan famfonmu ya kashe su. Rannan ya same ni da wayarsa a hannu, ya nuna mini hoton wani ɗan kifi da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, jikinsa ja da ɗigon shuɗi.

Ya ce, "Malam, wannan namu ne. A tafkunan damina yake. Ƙwansa yana kwance cikin busasshen laka duk rani, ruwa na sauka ya ƙyanƙyashe."

Na ce, "Mu da ko kogi ba mu da shi?"

Ya ce, "Kai dai kana da babur. Ni kuma ina da haƙuri."

Haka na zama direban kifi, ni da ko a miya ban damu da shi ba. Ya yanka tsohon gidan sauro ya ɗinke shi a zoben waya, muka ɗaure jarka da bokiti a bayan babur. Duk ranar da ba makaranta muna kan hanya. A kududdufan wajen Gagarawa ba mu kamo komai ba sai talibambam. A wajen Maigatari na zurma cikin taɓo har gwiwa, takalmina ɗaya yana can har yau. Mutane suna kallonmu suna dariya, ƙarti biyu da gemu suna tace ruwan kwata.

Sai wajen ƙarshen damina wani mai kai kaya kasuwa ya kwatanta mana wani tafki a bayan wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar. Tafki ne mai faɗi, bado ya rufe rabinsa, gefe guda kuma mashayar shanu ce, duk sawun kofato. Jefawar farko abokina ya ɗago ragar ya tsaya cak. Ga su nan suna ƙyalli a ciki. Ban taɓa ganinsa cikin irin farin cikin ranar ba.

Yana da wata 'yar kwalba ta maganin da ake ɗiga wa kifi don kada su kamu da cuta a hanya. Launinsa shuɗi ne kamar bular wanki. Ya ɗiga a bokiti, ya juye kifin a jarka, sannan ya ɗauraye bokitin a bakin tafki. Ruwan wurin ya ɗan yi shuɗi, ya washe. Akwai mata biyu suna wanki can gefe. Muka yi musu sannu, suka amsa, muka tafi.

Da muka zuba su a akwati sai suka hau faɗa da juna. Abokina ya duba wayarsa ya fashe da dariya. Ashe masu launin duk maza ne. Matan farare-farare ne marasa ado, su ne muka riƙa mayarwa ruwa muna cewa ba su da kyau. Ya ce dole mu koma mu samo musu mata.

Da mako ya zagayo muka koma. Tun kafin mu hango tafkin wari ya tare mu. Na ɗauka mushen jaki ne. Da muka fito daga cikin gonakin gero sai na ga shanu kwance a bakin ruwa, cikinsu ya kumbura, ƙafafu a sandare, ƙudaje sun yi baƙi a kansu. Saman ruwan kuwa fari fat da matattun kifi da kwaɗi. Mutane sun cika wurin, makiyaya da mutanen ƙauye, ba mai magana da ƙarfi.

Da ina da wayo da na juya. Sai na kashe babur, wai mu yi musu jaje.

Ɗaya daga matan nan masu wanki ta nuna mu. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Su ne. Wancan ne ya zuba shuɗin abu."

Kafin mu sauka an zagaye mu. Wani ya fizge jakar abokina ya zazzage ta a ƙasa, kwalbar ta gangaro. Na fara bayani, ina cewa ni malamin makaranta ne, kifi muke nema na ado. Ina faɗa ina jin yadda maganar ba ta da kan gado a kunnen mutumin da dukiyarsa ke ruɓewa a gabansa.

Wani dattijon makiyayi ya matso, idanunsa jawur. Daga baya na ji yawancin shanun nasa ne. Ya ɗauki kwalbar ya miƙa wa abokina.

Ya ce, "Yaro, in ba guba ba ce, sha."

Abokina ya ce, "To, Baffa." Ya buɗe, ya kafa kai ya kurɓa. Leɓɓansa da haƙoransa suka yi shuɗi. Ya buɗe baki ya nuna musu.

Na ga fuskar dattijon ta sauya. Amma na baya ba su ga komai ba, su dai turowa suke. Wata gora ta zo ta saman kafaɗun mutane ta sauka a gefen fuskar abokina na hagu. Ya durƙusa. Daga nan duka ya ɓarke. Ni babur ne ya faɗo mini a ƙafa, na dunƙule a ƙarƙashinsa, babur ɗin ne ya karɓi yawancin sandunan da aka nufo ni da su. Ta tsakanin ƙafafun mutane na hango dattijon nan ya kwanta a kan abokina, ya rufe shi da jikinsa, yana cewa, "Ya sha, na gani da idona ya sha. Wanda zai dake shi ya fara da ni."

A haka mai gari ya iso da mutanensa aka raba. Aka sa mu a zaurensa har 'yan sanda suka zo. Abokina yana jingine da bango, ya dafe ido da hularsa, jini na bin gwiwar hannunsa. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne, "Malam, ƙafarka ta karye?"

Gaskiya ba ta daɗe ba ta fito. Malamin dabbobi ya zo ya duba mushen, ya ce maganin feshin gona ne. Aka gano wani ɗan ƙwadago da aka ɗauka feshin wake ya wanke injinsa a mashayar, ya kuma tuttular da ragowar maganin a ciki. Da ya ga abin da ya faru sai ya tsallaka iyaka. Wanda ya kai gorar kuwa, duk ƙauyen aka ce ba a san shi ba.

An kai abokina asibiti a Kano. Suka yi iya ƙoƙarinsu, idon bai dawo ba. Da ya koma shago sai ya tarar hannunsa ba ya bin layi. Ya ɗora abin yanka a inda yake ganin daidai ne, gilashi ya tsage a karkace. Ya yi ta fasa kayan mutane har ya haƙura ya rufe shagon.

Yana cikin jinya dattijon makiyayin ya zo Gumel, ya yi ta tambaya har aka kawo shi gidan. Ina nan ranar. Ya zo da zabo ɗaya a hannu, ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa. Bayan gaisuwa ya ƙura wa akwatin ido, kifin suna ta kai da kawo.

Ya ce, "Saboda waɗannan ne?"

Abokina ya ce, "Saboda su ne, Baffa."

Dattijon ya ce, "Shekarata nawa ina shayarwa a tafkin nan, ban taɓa sanin suna ciki ba." Ya share fuska da gefen rawaninsa. "Ni na ce ka sha. Da na ce a kai ku wurin mai gari, da ba haka ba."

Abokina ya ce, "Kai ka rasa shanu, ni na rasa ido. Wanda ya ƙaddara ɗaya shi ya ƙaddara ɗayan. Allah ya mayar maka da alheri."

Matarsa tana bakin ƙofa tana ji. Ta karɓi zabon, ta yi godiya, ta shige ciki. Har dattijon ya tafi ba ta sake fitowa ba.

Kifin ba su kai sanyi ba, dama irinsu ba sa shekara. Da na ƙarshe ya mutu, abokina ya zubar da ruwan, ya kyautar da akwatin.

Mutanen da suka dake mu ba 'yan fashi ba ne. Mutane ne irin waɗanda nake sallah sahu ɗaya da su, asara ta gigita su, suka ga baƙi biyu da kwalba. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Har yau in na ji an ce "su ne" a kasuwa ko a tasha, ba na iya wucewa sai na kutsa na tambayi wa ya gani da idonsa. An sha zagina a kan haka.

Abokina yanzu tabarmi yake sayarwa a kasuwar Maigatari. Ba ya tayar da zancen, ni ma ba na tayarwa. Sai dai duk sanda muka shiga cikin taro, yakan kamo hannun rigata ya ja ni gefensa na hagu, ya ce, "Tsaya nan, Malam. Ba na son wanda ban sani ba ya tsaya mini ta nan."