Gishirin Bakin Kofi Ya Kusa Raba Ni da Gwaggon Mijina

Gaisuwa mai yawa ga Edita da duk masu bibiyar wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran da 'yan'uwana mata suke aikowa, wasu su sa ni hawaye, wasu su sa ni dariya, ban taɓa zaton ni ma wata rana zan tona kaina ba. Ina roƙon a sakaya sunana, domin a unguwarmu ko atishawa ka yi sai an ba da labarinta.

A lokacin ina da shekara ashirin da biyu, ina amarya, watana huɗu da sauka a Jidda. Kaina cike yake da littattafan soyayya da nake haya a kasuwa tun ina sakandare. A cikinsu kullum amarya tana fitowa daga kicin da tire a hannu, da wani abin sha mai launin da ba a taɓa gani ba, ango ya rasa bakin magana, surukai su yi ta sa albarka. Na gama yarda cewa haka aure yake. Maigidana haifaffen Jidda ne, yana aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani kamfani a unguwar Bagdadiyya, Hausarsa rabi Larabci ce, kuma ya sha wuya kafin iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ta fito. Muka tare a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a unguwar Waziriyya. Ni dai ganinsa nake kamar fada.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa. Iyayen maigidana sun rasu tun yana ƙarami, ƙanwar mahaifinsa ce ta rene shi, Gwaggo yake ce mata, ni ma haka. Ta zo aikin hajji tun tana budurwa ta zauna, tana sayar da yadi da turare a wajen kasuwar Bab Makka. Ta so ya auri 'yar nan Jidda wadda ta san gidansu, shi kuma ya je gida ya ɗauko ni. Ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba. In mun je gaishe ta takan amsa, ta tambayi mutanen gida, ta ba ni turare. Amma wata huɗu cur ba ta taka ƙofar gidana ba, kuma matan unguwa sun fara tambayata ko lafiya. Maigidana ya ce haka halinta yake, ba ta shan ko ruwa a gidan da zuciyarta ba ta kwanta da shi ba, ranar da ta sha kuwa halas, shi ke nan, na zama 'yarta. Saboda haka da ya dawo wata Talata ya ce Gwaggo za ta zo ran Juma'a bayan la'asar, sai na ji kamar an sa mini ranar jarrabawa.

Abinci bai dame ni ba, na iya. Abin sha nake nema, wanda zai sa ta san ɗanta bai yi zaɓen banza ba. Ga zafin Jidda mai ɗanko, wanda ko wanka ka yi kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. Na shiga waya ina ta dube-dube, har na ci karo da wata baƙuwar mace mai jan baki a wani kicin mai kyau, tana magana da yaren da ba Turanci ba, ba Larabci ba. Ta matse lemun tsami a bilenda, ta zuba ƙanƙara da ruwan sukari, ta ɗauko wata kwalba ta tsiyaya wani farin ruwa, ta markaɗa. Abin ya fito kore-kore, lukui, yana tsayawa a kofi kamar tulin auduga. Abin da ya tafi da hankalina shi ne kofin. Ta goga lemun tsami a bakinsa, ta kifa shi a farantin gishiri, ya fito da farin zobe yana walƙiya kamar an yi masa kwalliyar amarya. Na kalla ya fi sau goma. A raina har na ga Gwaggo ta kurɓa ta lumshe ido, ta kira ni da sunana.

Washegari da hantsi na zura abayata na nufi baƙalar bakin layinmu, wato shagon kayan masarufi. Mai shagon wani dattijo ne Bahaushe, kowa Baba yake ce masa. Na sayi lemun tsami da sukari, sannan na tsayar da hoton daidai kan kwalbar, na miƙa masa wayar, na ce irin wannan nake so, tekila aka rubuta a jiki, in kuma ba shi da ita ya kwatanta mini inda zan samu. Ga mutum biyu a bayana suna jiran biredi. Baba ya dubi wayar, ya dube ni, ya kifa ta a kan tebur ya ɗora hannu a kai. Sai da ya sallami mutanen nan sannan ya sunkuyo ya tambaye ni ko ni ce amaryar mai gyaran sanyi, kuma wa ya aiko ni. Na ce ba kowa, baƙuwa zan yi. Ya yi salati ya ce 'yata wannan ai giya ce, giyar ma mai ƙarfi, kuma da a wani shagon na ɗaga wayar nan ina tambaya, da yanzu kafilin mijina, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa a hukuma, ake nema a waya. Na yi ta rantsuwa ban sani ba, na ɗauka wani ruwan ƙamshi ne irin na fure. Ya ce ya ga alama, domin mai neman abin nan ba ya zuwa da sallama da ƙarfi haka. Ya ɗauko damin na'a-na'a ya jefa mini a leda, ya ce in sa wannan a madadinta, in rufe bakina, shi ma ya rufe nasa.

Na dawo gida ina istigfari, ban gaya wa maigidana ba don kunya. Da ina da hankali da a nan na bar maganar. Amma sai na ce ai haramun ɗin a kwalba yake, na kuwa rabu da kwalba, sauran duk halal ne. Kwana biyu ina gwaji in ya fita aiki. Na farko ya fito ruwa tsululu. Na biyu na jefa lemun da ɓawonsa na bar shi ya jima, ya yi ɗacin da sai da na kuskure baki. A na uku bilendar ta fara warin ƙuna, na koyi farfasa ƙanƙarar a tsumma da muciya kafin in zuba. A na huɗu abin ya tsaya a kofi yadda na gani, na kurɓa, sanyi ya ratsa ni har ƙeya. Na yi rawa ni kaɗai a kicin.

Ran Juma'a Gwaggo ta iso da ledar dabino da ƙamshin turarenta. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce sannu amarya, ta zauna tana ƙare wa labule kallo. A nan na yi kuskuren farko, domin a Jidda baƙo da gahawa da dabino ake fara tarbarsa, ni kuwa ɗoki ya sa na tsallake. Na shige kicin na rufo ƙofa don kada a ga abin mamakin kafin lokaci. Kofuna masu dogon wuya guda biyu kacal nake da su cikin kayan aurena, saboda haka su na yi wa zoben gishiri, ɗaya na Gwaggo, ɗaya na maigida. Nawa na zuba a tambulan ɗin da muke shan ruwa, ban sa masa komai ba. Na fito ina taku a hankali, ina murmushin da na gwada a madubi.

Maigidana ya ce masha Allah, ya kai hannu. Kafin kofin ya isa bakinsa Gwaggo ta riƙe masa wuyan hannu, ta ce ya ajiye. Ta jawo tiren gabanta ta duba kofinta, ta duba nasa, ta duba nawa. Sannan ta tambaye ni a hankali, mene ne wannan farin garin, kuma me ya sa yake a kofinta da na ɗanta, babu a nawa. Sai a lokacin na ga abin da idonta ya gani. Amarya ta kulle kanta a kicin, ta fito da farin gari a kofin miji da na uwar miji, nata kuwa fes. Na ce gishiri ne wallahi. Ta ce gishiri a miya ta san shi. Ta ce ta shekara arba'in tana jin labarin matan da suke barbaɗa abu a tuwo don su mallake gida, amma ba ta taɓa ganin mai ƙarfin halin da ta jera shi a bakin kofi kowa yana kallo ba. Maigidana ya fara ba ta haƙuri da Larabci, ta ce ya yi mata shiru, ba da shi take ba. Ta jawo jakarta ta ɗora a cinya. Na san in ta miƙe da jakar nan, ba za ta sake hawa matakalar gidana ba.

Na lashi gishirin kofinta a gabanta, ta ce ai mai magani ba ya jin tsoron maganinsa. Dabara ta ƙare mini, sai na ruga na ɗauko waya don ta ga ba ni na ƙirƙiro ba. Ta sa tabarau, ta ga matar tana kifa kofi a farantin gishiri, fuskarta ta ɗan saki. Ni kuwa na manta shaf da abin da ke biye. Sai ga kwalba ta bayyana. Maigidana, da yake yana shiga gidajen baƙi gyara, ya gane ta nan take, na ga ya kau da kai. Gwaggo ta lura da shi. Ta ɗora yatsa a kan kwalbar ta dube ni ta ce, wannan fa, ya binti, wato 'yar nan?

Ƙarya tana bakina, a shirye. Da na ce ruwan fure ne da ta wuce, domin Gwaggo ba ta karanta boko, maigidana kuma ba zai tona ni ba. Amma na dube ta na ga mace ce da ta zo gidana don ta san ko wace ce ni. Sai na durƙusa na faɗi komai. Na ce giya ce, ban sani ba sai da na je baƙala nemanta, na faɗi yadda na ɗaga wa Baba waya a gaban masu sayen biredi, da yadda ya kifa ta, da yadda na ce ya kwatanta mini wani shagon. Na ce babu ko ɗigonta a gidan nan, na'a-na'a ce a ciki. Ina faɗa ina kuka, kwallin da na ɓata rabin awa ina zizarawa yana gangarowa.

Sai na ji wani sauti kamar tari. Na ɗago, na ga kafaɗun Gwaggo suna girgiza. Ta ce in maimaita, wato da abayata da niƙabina na je na tambayi limamin layinmu giya? Ashe Baba shi yake jan salla a ƙaramin masallacin unguwa in liman ba ya nan, ban sani ba. Dariya ta ƙwace mata har tabarau ya zamo, tana dukan cinyar maigidana tana cewa ya ga abin da ya ɗauko musu daga Najeriya. Shi ma ya fashe, ni ma na shiga yi da hawaye a fuska. Da ta samu numfashi ta share ido da gefen mayafi, ta ce hankalinta ya kwanta, mai shirin mallake gida ba ta kai ni wauta ba, kuma ba ta tona kanta haka.

Kafin nan abin shan ya narke ya zama koren ruwa. Ta ajiye jaka ta ce yalla, maza in wuce mu je kicin. Ta fara sa ni dafa gahawa, ta ce ko sarauniyar ƙanƙara ce ni, baƙo da finjalin gahawa ake tarbarsa. Sannan ta naɗe hannun riga ta nuna mini yadda 'yan Jidda suke yin nasu. Ta fere lemun ta cire 'ya'yan, ta tsinke ganyen na'a-na'a ta zubar da itacen, ta ce shi ke kawo ɗaci, ta hana ni barin injin ya daɗe yana juyawa. Tana yi tana faɗa, wai hannuna ya yi nauyi a sukari kamar mai haɗa kunun yara. Muka zuba a tambulan uku iri ɗaya. Ta yi bismilla ta sha, ta ƙara, ta ce nata ya fi nawa, amma nawa ma da ba a bar shi ya mutu ba da ya yi. Ba ta tafi ba sai da ta yi magariba a ɗakina, a kan dardumata. Da za ta sauka ta ce ran Litinin in same ta a Bab Makka, akwai yadin da ta ajiye tun kafin biki ba ta ba ni ba.

Yau shekarunmu sun yi nisa, kuma duk taron suna ko biki sai Gwaggo ta ba da labarin nan, kowace shekara yana ƙara tsawo. Ina dariya tare da su, amma in na kaɗaita nakan tuna cewa na kusa jefa mijina a bala'in hukuma, na kusa rasa uwa, duk don na kwaikwayi abin da ban san asalinsa ba. 'Yan'uwana mata, musamman amaren da aka kai wata ƙasa, ba duk abin da ya yi kyau a waya ne namu ba. Abin da ba ki san sunansa ba, ki tambayi mijinki a ɗaki kafin ki tambaya a kasuwa. Ki koyi yadda mutanen gari suke tarbar baƙo kafin ki kawo naki salon, kuma abin da za ki ba wani ya sha, ki zuba wa kanki irinsa a kofi irin nasa. In kuma kin riga kin yi ɓarna an ritsa ki, ki faɗe ta yadda take. Kwana uku na yi ina shirin burge matar nan da ƙanƙara, amma abin da ya zaunar da ita a gidana shi ne maganar da na fi jin kunyar faɗa.